Azurfar da Ta Narke a Zoza

Wutar ta tashi da hantsi, lokacin da mazan Zoza suke gona, kuma kafin a ci ƙarfinta ta cinye ɗakin Zaituna tas: katifa, labule, akwatunan kaya, har azarar rufi. Ba wanda ya ƙone. Amma da aka tono 'yar tukunyar alminiyom ɗin da take ajiye mundayen mahaifiyarta a ciki, aka ɗaga murfin, sai aka ga ba mundaye. Wani dunƙulen ƙarfe mai launin toka ne kwance a gindin tukunyar.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Lauratu Maiturare ce, wadda ke yawo gida-gida da turaren wuta daga Rogo. Ita ce ta ƙarshe da ta shiga ɗakin, ita ta zuba garwashi a kasko don a ji ƙamshin hajarta, kuma a gabanta Zaituna ta buɗe tukunyar. Wasu suka ce wutarta ce ta narkar da azurfar. Wasu suka ce kwashe azurfar ta yi, ta jefa tarkace a ciki, ta cinna wuta don ta ɓatar da sawu. Ba wanda ya damu da cewa maganganun biyu ba sa zama wuri ɗaya. Duk wadda ka ɗauka, Lauratu ce dai. Da mai unguwa ya ga matasa sun fara naɗe hannun riga, sai ya shigar da ita cikin gida wajen matarsa, ya aika a ɗauko Malam Gwadabe mai bin sawu daga Tudun Kaya.

Malam Gwadabe shi ne mahaifin Zaituna. Daga Karaye zuwa Rogo, duk wanda aka kwance wa saniya ko aka haura masa katanga ya san hanyar gidansa. Amma ranar, a bayan babur, ba ɓarawo yake tunani ba. Marigayiya matarsa Saude yake tunani.

Ranar da aka kai ta makwancinta, ya dawo ya tarar da sawunta a gefen rijiya, inda ƙasa ke da laima. Ƙafar hagu ce, ƙaramin yatsan bai taɓa ƙasa ba, don haka Allah ya halicce ta. Ya kifa kwano a kai, ya hana a share wurin, har damina ta zo ta shafe shi. Tun daga nan abin da ya rage na Saude wanda hannu zai iya taɓawa shi ne mundayen nan biyu na azurfa, waɗanda mahaifinta, maƙerin fari a Rogo, ya ƙera mata. Da aka raba gado suka tafi wajen Zaituna, tunda kayan mata ne. Bai taɓa iya cewa ta nuna masa su ba. Sanin suna nan ne kawai yake riƙe shi, kuma yanzu an ce masa sun narke.

*

Ya tarar an tattake tsakar gidan kamar ranar kasuwa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa mai unguwa bayan sun gama gaisawa da jajantawa, "kun kira ni in karanta allo bayan kun wanke shi."

"Akwai na bayan ɗaki, ba a taɓa ba. Sawun namiji ne. Yara na cewa abokin aikinta ne."

Malam Gwadabe ya zaga ya tsuguna. Sawun ya fito daga katangar maƙwabci, ya zo, ya koma, ya sake zuwa. Na zuwa ya nutse a ƙasa, na komawa da ƙyar ya taɓa ta, kuma a gefen na zuwan akwai ɗige-ɗigen da suka bushe.

"Ɓarawo yakan zo da sauƙi ya koma da nauyi," in ji shi. "Wannan ya zo da nauyi ya koma da sauƙi. Bokitin ruwa ya ɗauko muku. Ku je ku yi masa godiya."

Matasan suka sunkuyar da kai. Ya shiga ɗakin da ya ƙone, ya riƙa ɗaga toka da tafin hannu a hankali. Kaskon turaren yana kife a inda labule yake a da. Kusa da shi, a kan daɓen da ya fashe ya zama ƙasa, ga sawun kofato ya shiga a tsanake, ya fita a guje. Ya bi shi har turke. Wata jar akuya na kwance tana tuƙa, gashin ƙafarta ta gaba ya babbake.

"Zaituna, da baƙuwarki za ta tafi, kin raka ta?"

"Har ƙofar gida, Baba. Mun ɗan tsaya hira."

"To ga mai cinna wutarku nan. Sai ku kai ta gaban alƙali."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya sa aka kawo masa tukunyar. Ta yi baƙi ƙirin, amma ko lotsawa ba ta yi ba. Ya zazzage dunƙulen a hannunsa, ya karce shi da farce, farcen ya shiga. Ya goga shi a bango, ya bar layi mai duhu.

"Surukina maƙeri," ya ce, "sai ya yi ta zuga har gumi ya jiƙa masa riga kafin azurfa ta motsa. Yaya za a yi abin ciki ya zama ruwa, tukunya na zaune lafiya?"

Abdussalam, mijin Zaituna, malamin kimiyya ne a sakandare. Tun safe hankalinsa ba ya jikinsa, sai yanzu ya dubi tukunyar da idon aikinsa.

"Ba zai yiwu ba, Baba. Kowane ƙarfe da zafin da yake narkewa. Alminiyom yana zubewa a digiri ɗari shida da sittin, azurfa kuwa sai ta kusa dubu. Wutar da za ta narkar da azurfa, tukunyar za ta fara cinyewa. Wannan dalma ce, irin ta cikin batir. Ita ɗari uku da 'yan kai sun ishe ta."

Malam Gwadabe ya ƙara duban dunƙulen. Ashe ba su narke ba. Suna nan a wani wuri, a hannun wani. Amma kafin ya gama jin daɗin wannan, sai ya ji hayaniya ta tashi a bayansa: tunda ba azurfa ba ce, ai sata ta tabbata, a fito da Lauratu.

Ya juya dunƙulen. A gefen da ya jingina nesa da wuta akwai wani ɗan guntu da bai gama narkewa ba. Kan munduwa ne, da zanensa na ganye uku, zanen da ya sani kamar tafin hannunsa. Ya ɓalle guntun ya sa a aljihu.

"Ranka ya daɗe, kada a taɓa matar nan. A ba ni zuwa gobe bayan la'asar."

*

Lauratu na zaune a kan tabarma a gidan mai unguwa, idanunta sun kumbura, kwandon turarenta na gefe.

"Malam, na rantse da wanda ya halicce ni, yau na fara ganinsu. Zobe take nema a tukunyar, ta ɗaga su, ta ce na mahaifiyarta ne."

"Me kika gani?"

"Ba gani ba ne, ji ne. Da suka haɗu da juna ba su yi ƙara ba, kamar ka haɗa sabulu biyu. Na ce a raina wace irin azurfa ce wannan ba ta kuka. Amma mai talla ba ta faɗar haka a ɗakin mutane."

Malam Gwadabe ya san kukan da take nufi. In Saude na daka, ko tana jan guga, ko tana tahowa da akushinsa, ƙarar nan ce ke riga ta isowa, siririya, mai daɗewa a kunne. Gidansa na Tudun Kaya ba abin da ya rasa kamar ita.

Ya koma wajen 'yarsa. Ta ce ba ta taɓa sa mundayen ba.

"In na zura hannuna sai in ga na Inna, Baba. Buɗewa kawai nake yi in duba in rufe."

"Wa ya taɓa ara?"

"Murja ce kaɗai, ƙanwar maigidan, da za ta biki Karaye bara. A ranar ta dawo da su."

Aka kira Murja. Ta zo a fusace, don ta riga ta ji ana yawo da sunanta.

"Ko yini ban yi da su ba. Sun bar min baƙin shati a hannu, ɗaya ma ta fara buɗewa da na dafa mota. Na cire na ƙulle a gyale. Ban faɗa ba ne don kada a ce na raina kayan marigayiya."

Wato tun kafin bikin bara dalma ce. Wani ya sami mundayen a hannunsa, ya danna su a yashi, ya zuba kamarsu, ya goge har suka yi walƙiya. Wannan ba aikin mai turare ba ne, ba na 'yar biki ba. Aikin mai zubi ne, kuma masu zubin da ke kusa suna Karaye. Ɗaya daga cikinsu ɗansa ne na fari. Ya ce a ransa, yaron zai san wanda aka kai wa aikin.

*

Da safe ya isa rumfar masu zubin tukwane a bayan kasuwar Karaye. Ɗan nasa, Mujahid, na tsaye a cikin akwatin zubi, ya naɗe wando, yana tattake yashi da ƙafa don ya kama jikin tukunya. Da ya ga mahaifinsa sai ya fito da sauri ya durƙusa.

Gaisuwarsu ba ta da tsawo, ba ta taɓa yin tsawo ba. Ɗan fari ne, kuma a gidan su Gwadabe kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. "Kai" yake ce masa, Saude kuwa "wancan yaron" take cewa har ta bar duniya. Tun rasuwarta sai da Sallah yake leƙo Tudun Kaya, ya gaisar a zaure ya juya.

"Ka ji abin da ya sami ƙanwarka?"

"Na ji, Baba. Yau nake shirin zuwa jaje."

Malam Gwadabe ya sa hannu a aljihu, amma idonsa ya riga ya faɗa kan yashin. Sawu ne a jere, masu kyau, kamar an zana. Ƙafar hagu, ƙaramin yatsa bai taɓa ƙasa ba. Ya bi sawun bayin Allah iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa tsayawa ya dubi na ɗansa ba, don ba a duban ɗan fari. Abin da damina ta shafe masa a gefen rijiya ga shi nan birjik a rumfar zubi, ana takawa ana rushewa kullum.

Ya miƙa guntun. "Wa zai iya wannan aikin a nan?"

Mujahid ya karɓa. Bai juya shi ba, bai tambayi ko na mene ne ba. Ya ce bari ya kawo wa Baba kujera, ya juya da sauri, kafaɗarsa ta bugi wata tsohuwar jaka da ke rataye a ƙusa.

Ƙarar ta fito daga cikin jakar, siririya, ta daɗe kafin ta mutu.

Malam Gwadabe ya ji kamar in ya waiga zai ga Saude da akushi a hannu. Ya so ya zauna a wurin ya ce a sake buga jakar. Amma akwai matar da ta kwana a gidan mai unguwa da sunan ɓarauniya.

"Bayan la'asar ka zo Zoza," ya ce. "Ka taho da ludayin ƙarfe biyu da gawayi. Ka taho da jakarka."

*

A ƙofar gidan mai unguwa aka taru. Lauratu da Murja da Zaituna suna daga bakin zaure, maƙwabcin nan mai bokiti ya zo ya ji ƙarshen zance, matasa sun yi da'ira. Mujahid ya hura gawayi a kurfoti, bai ɗaga kai ba.

Malam Gwadabe ya zare zoben azurfarsa ya sa a ludayi ɗaya, ya sa dunƙulen a ɗayan, ya ce a ɗora su a wuta ɗaya. Ba a jima ba dunƙulen ya saki jiki, ya kwanta, ya zama ruwa mai sheƙi. Zoben ya yi duhu, ya zauna yadda yake. Aka ƙara fifita, aka jira, bai motsa ba.

"Kun gani da idonku. Abin da ya narke a ɗakin nan ba azurfa ba ne." Ya ɗaga guntun ya zaga da shi. "Kuma ba tarkace ba ne da aka jefa jiya. Ga zane a jikinsa. Zuba shi aka yi a yashi, kamar yadda ake zuba tukunya, tun kafin Murja ta ara bara. Matar nan jiya ta fara ganinsu. Wutar kuma akuya ce. Ba ta da laifin komai sai na sayar da turare mai ƙamshi."

Zaituna ta dafe ƙirji a hankali. "Kafin sunan 'yata Kausar," ta ce, kamar da kanta take magana, "an karɓa an wanke min su. Sun yi kwanaki. Ban lissafa shi cikin masu aro ba, don ba baƙo ba ne."

"Wane ne?" in ji mai unguwa. Ta rufe fuska da mayafi. Ya juya. "Malam Gwadabe, sunansa nake so. Baiwar Allah nan ta kwana a gidana ana zaginta. Ba zan sallame ta da 'wani' ba."

Tun ranar da Malam Gwadabe ya raɗa wa liman sunan nan a kunne, bai sake fitowa daga bakinsa ba. Ya sha riƙe shi a maƙogwaro, ranar da yaron ya faɗo daga bishiya, ranar da ya tafi koyon sana'a, ranar jana'iza da ya gan shi tsaye shi kaɗai a bayan mutane. Bai taɓa zaton a irin wannan wuri zai fara faɗarsa ba.

"Mujahid," ya ce.

Bai fito kamar tuhuma ba. Ya fito kamar kiran da ake yi wa yaro ya zo ya ci abinci. Mujahid ya ɗago ya dubi mahaifinsa, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya jawo jakar, ya kwance wani tsumma, ya ajiye mundayen a kan tabarma. Suka haɗu, suka yi kukansu, Zaituna ta fashe da nata.

"Ban ɗauka don in sayar ba," ya ce. "Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba. Na san al'ada ce, ban riƙe ta ba. Amma ina yaro, in zazzaɓi ya kama ni, in ta ɗauka barci nake, nakan ji ƙarar nan a saitin kaina tana shafa ni. Da aka raba gado aka ce kayan mata ne, aka ba ni gona. Na je gonar na zauna, ban ji komai ba. Kunya ta hana ni roƙa. Na ce tunda Zaituna kallo kawai take yi, in bar mata abin kallo."

Ya juya ya durƙusa a gaban Lauratu. "Jiya na ji an kama ki, na kasa tasowa. Ki yafe min."

Lauratu ta dube shi. "Na kwana ban runtsa ba saboda kai," ta ce. "Ni ma tawa uwar ta rasu, ban sa an zagi kowa ba. Na yafe, amma masu naɗe hannun riga su ma ina jiran tasu." Matasan suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya, mai unguwa na binsu da harara.

Da wuri ya lafa, mai unguwa ya ce sauran magana ta gida ce, mai kaya ita ke da ta cewa. Zaituna ta share hawaye, ta ɗauki mundayen, ta riƙe su a ƙirji. Can ta ware ɗaya ta miƙa wa yayanta.

Ya girgiza kai. "Riƙe kayanki. Ɗaya ita kaɗai ba ta kuka."

Ta dubi ta hannun dama, ta dubi ta hagu. Sannan ta taso ta durƙusa, ta zuba su biyun a tafin hannun mahaifinsu.

"To su koma inda suka saba kuka, Baba. Duk mai son ji ya zo gida."

Malam Gwadabe ya rufe hannunsa a kansu. Cikinsu ya siɗe ya yi santsi a inda suka shekara suna gogar hannunta. Bai yi ƙoƙarin ɓoye hawayensa ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Mujahid na tattara ludayinsa zai zura takalmi lokacin da tsohon ya sake magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Mujahid."

"Na'am, Baba."

"Ranar Juma'a ina gida. In ka zo, kada ka tsaya a zaure. Ka cire takalminka tun daga ƙofa, ka bi ta gefen rijiya."